Tsiron da Ba Ya Bin Wata: Tarihin Wani Ciwon Mahaifa, Daga Fitilar 1869 Zuwa Fadamar Miga

A garin Miga, kamar a kowane gari na ƙasar Hausa, idan mace ta ga jini a ranakun da ba na al'adarta ba, tambayar da ke fara zo mata ta ibada ce: ta yi salla ko ta dakata? Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zauruka da makarantun Islamiyya, irin su Ahalari da Risala, sun daɗe da tanadar mata amsa. Haila ba ta wuce kwana 15. Mace mai tsayayyar al'ada kan ƙara kwana 3 a kan kwanakinta idan jinin bai ɗauke ba, abin da ya haura haka kuwa jinin ciwo ne, wato istihala, sai ta yi wanka ta koma ga sallarta da azuminta. Tushen wannan rarrabewa shi ne hadisin Faɗima 'yar Abu Hubaish, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bambance mata jinin jijiya da jinin haila.

Fiƙihu ya warware batun ibada, ya bar wa likitoci tambayar da ta rage: daga ina jinin ciwon yake fitowa? A 2011 ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta kasa dalilan zubar jini marar ƙa'ida gida 9. Na farko a jerin shi ne wani ɗan tsiron nama da kan fito a cikin mahaifa, wanda likitoci ke kira polif. Yakan kasance ƙarami kamar ƙwayar riɗi, yakan kuma kai girman goro ko ya fi. Daban yake da ƙarin mahaifa da aka fi sani da faibroid: shi ƙari daga tsokar mahaifa yake tasowa, tsiron kuwa daga shimfiɗar cikinta, wadda ke zubewa kowane wata. Wani bincike da aka buga a Denmak a 2009 ya same shi a kusan kashi 8 cikin 100 na matan da aka duba, masu shekara 20 zuwa 74, da yawansu ba su ma san suna ɗauke da shi ba.

An shafe shekara fiye da 150 tsakanin ranar da aka fara ganin wannan tsiro a cikin mahaifar mace mai rai da lokacin da aka iya karanta abin da ya rikice a ƙwayoyin gadonsa. Tarihin wannan tafiya yana da abin da zai faɗa wa fadamar Haɗeja.

Leƙawa ciki

Likitocin dā sun san tsiron da ya yi tsawo har ya leƙo ta bakin mahaifa, sukan ɗaure shi da zare ko su yanke. Girkawa ne suka laƙaba wa irin waɗannan tsirrai sunan da ke nufin mai ƙafafu da yawa, wanda daga shi kalmar polif ta samo asali. Abul Ƙasim az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya zana a littafinsa At-Tasrif na'urar da ake buɗa gaban mace da ita domin dubawa. Sai dai ganin ido a bakin mahaifa yake tsayawa, cikinta kuwa ɗaki ne mai duhu.

A shekarun 1840 likitan Faransa Joseph Récamier ya yaɗa amfani da wani ɗan cokali mai dogon mariƙi da ake kankare cikin mahaifa da shi. Wannan shi ne kakan abin da asibitocinmu ke kira wankin ciki. Aiki ne na lalube, likita ba ya ganin abin da yake kankarewa, kuma tsiro mai wuya yakan kauce wa cokalin, a gama aiki yana nan daram.

A 1869 wani likita ɗan Italiya mai suna Pantaleoni ya wallafa rahoton wata mata 'yar shekara 60 da jini ya ƙi tsaya mata. Ya ɗauki bututun leƙe da Antonin Desormeaux ya ƙera a Faris a 1853, wanda haskensa daga fitilar wuta yake fitowa, ya zura shi cikin mahaifarta. Ya ga tsiron, ya ƙona shi da wani sinadarin azurfa. Wannan ne karo na farko da aka rubuta cewa an leƙa cikin mahaifar mace mai rai, an ga ciwo, an yi maganinsa. Sai da aka yi kusan ƙarni ɗaya kafin dabarar ta zama aikin yau da kullum, bayan an samu madubai masu kyau da haske marar zafi a shekarun 1960. A 1958 kuma Ian Donald na Gilasgo ya buɗe ƙofar hoton sikanin da kowace mai ciki ta sani a yau.

Shimfiɗar da ke sabunta kanta

Ganin tsiro daban, sanin dalilin fitowarsa daban. Kafin a gane abin da ya karkace, dole a fara sanin yadda lafiyayyar mahaifa take aiki. Har farkon ƙarni na 20, likitoci kan duba naman da aka kankaro a ƙarƙashin madubin ƙara girma, su ga na wannan mace ya sha bamban da na waccan, sai su ce kumburi ne. A 1908 Fritz Hitschmann da Ludwig Adler a birnin Biyana suka nuna cewa yawancin wannan bambanci na ranakun wata ne kawai: shimfiɗar mahaifa tana girma, ta nuna, ta zube, ta sake tohowa daga tushen da ya saura.

Masu ba da wannan umarni sinadarai biyu ne da ƙwan mace ke fitarwa. An tace estirojin a 1929, a ɗakunan gwajin Edward Doisy a Amurka da Adolf Butenandt a Jamus, aka tace furojestaron a 1934. Na farko shi ke sa shimfiɗar ta yi kauri har ta kai kimanin santimita 1. Na biyu shi ke tsayar da girman, ya shirya wurin domin karɓar ciki. Idan ciki bai shiga ba, sai su janye, shimfiɗar ta rushe. Haila ke nan.

To amma ta yaya sinadarin da ke yawo a jini yake magana da ƙwayar halitta? Elwood Jensen na Jami'ar Shikago ya amsa rabin tambayar a 1958, da ya gano cewa mahaifa tana da wani makarɓi na musamman da ke kama estirojin ya riƙe. Ɗaya rabin ya fito daga Cibiyar Pasteur ta Faris a 1961, inda François Jacob da Jacques Monod suka nuna cewa ƙwayoyin gado ana kunna su ana kashe su. Ƙwayar bakteriyar da suka yi nazari ba ta haɗa kayan narkar da sukarin madara sai sukarin ya samu.

Wannan shi ne ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Ƙwayoyin halittar jikin mutum, na ido da na hanta da na mahaifa, littafin DNA guda suke ɗauke da shi, mai ƙunshe da ƙwayoyin gado kimanin 20,000, an ɗinke su a kuromosom 46. Abin da ya raba ido da hanta shi ne shafin da kowanne yake karantawa. Kamar ɗalibin makarantar allo ne: littafin yana ajiye, shi kuwa darasin ranar kaɗai yake kwafowa a allo, ya biya, ya wanke, ya rubuta na gaba. Estirojin idan ya haɗu da makarɓinsa, su biyun kan sauka a kan DNA su buɗe shafukan girma. Furojestaron ya zo ya rufe waɗannan, ya buɗe wasu. Mahaifa allo ce da ake wankewa kowane wata, tsiron kuwa kusurwa ce ta allon da ta ƙi wankuwa.

Abin da aka gani a Leuven

A farkon shekarun 1990, a jami'ar Leuven ta Beljiyam, Paola Dal Cin da Herman Van den Berghe suka shiga duba kuromosom ɗin tsiron da likitoci suka ciro. Rahotonsu na 1995 ya nuna cewa a fiye da rabin waɗanda suka duba, kuromosom ya karye ya haɗe da wanda ba nasa ba, kuma karayar ba barkatai take aukuwa ba. Wurare uku take yawan komawa: kuromosom na 6, na 12 da na 7. Tun a 1992 masu bincike a Boston sun nuna cewa karayar tana cikin naman da ke zama ginshiƙin shimfiɗar, ba cikin 'yan bututun da ke tsattsafo da ruwa ba. Ma'ana, ƙwaya guda ce ta ginshiƙi ta karkace, ta hayayyafa, ta ja maƙwabtanta masu lafiya da jijiyar jini suka tashi tare.

A 1995 ɗin dai aka gano wanda ke zaune a mahaɗar karayar kuromosom na 12: ƙwayar gado da ake kira HMGA2. 'Yar uwarta HMGA1 tana kuromosom na 6. Aikinsu shi ne lanƙwasa zaren DNA domin wasu shafuka su buɗu. Suna aiki gadan-gadan lokacin da ɗan tayi ke girma a ciki, sannan a yawancin sassan jikin babba su yi tsit. Ɓerayen da aka raba da HMGA2 ƙanana suke fitowa, kuma a 2007 aka danganta wani bambanci a cikinta da tsayin mutane. A shekarar dai aka gano cewa wani ɗan guntun saƙo mai suna let-7 ne ke yi mata linzami, yana kama wutsiyar saƙonta ya hana a karanta. Idan kuromosom ya karye ya datse wannan wutsiya, ko ya ajiye ƙwayar gadon kusa da maƙwabci mai yawan kunna na kusa da shi, sai linzamin ya kuɓuce. Shafin da aka rufe tun kafin haihuwa ya sake buɗewa a mahaifar mace 'yar shekara 45.

Ba a bar wannan bayani ya wuce babu gardama ba. A 2022 wani bincike a Texas ya ce bai ga karayar ba, ya kuma ɗauki tsiron a matsayin girman da ya wuce kima kawai. Daga baya masu bincike a Helsinki ta Finlan, da suka karanta DNA ɗin tsiron daga farko har ƙarshe, suka sake samun sauye-sauyen HMGA1 da HMGA2 a mafi yawan waɗanda suka duba. A jami'ar Helsinki ɗin ne aka gano a 2011 cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarin mahaifa suna ɗauke da sauyi a wata ƙwayar gado mai suna MED12, yayin da HMGA2 ke bayan wani kaso na sauran. Ashe tsiro da ƙari, duk da bambancin wurin fitowarsu, suna da kofa guda da suke tarayya a kanta.

Abu ɗaya ya kamata a riƙe a nan. Waɗannan sauye-sauye a cikin tsiron kaɗai suke. Mace ba ta gado su daga uwarta ba, ba kuma za ta gadar wa 'yarta ba.

Ƙin mutuwa da ƙin karɓar baƙo

Girma rabin labarin ne. Shimfiɗar mahaifa tana zubewa ne saboda ƙwayoyinta suna da tsarin mutuwa a kan lokaci, wanda aka yi wa suna afoftosis a 1972. Akwai wani furotin mai suna Bcl-2 da ke hana wannan mutuwa, kuma a lafiyayyar mahaifa yakan ragu idan haila ta gabato. Masu bincike a Ingila sun ruwaito a 2003 cewa a cikin tsiron yawansa ya zarce na shimfiɗar da ke kewaye da shi. Wata ya zagayo, kowa ya kwashe kayansa, shi ya zauna. Jijiyoyin da ke samansa ba su da ƙwari, shi ya sa yake ɗigar da jini a tsakiyar tsarki ko bayan saduwa.

Manomin Miga ba sai an yi masa dogon bayani a kan irin wannan ba. Kafin a kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja kan cika da damina ya malale fadama, da rani ya janye ƙasa ta bushe. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, wuraren da dā suke bushewa suka zauna da danshi, ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta riƙa karkatar da ambaliya zuwa gonaki da gidaje. Ciyawa ce kawai, abin da ya ba ta ƙarfi shi ne rushewar zagayen cika da janyewa.

Estirojin marar mai taka masa birki shi ne ruwan da ba ya janyewa. Shi ya sa tsiron ya fi yawa a shekarun da al'ada ke shirin yankewa, da kuma ga mata masu ƙiba, domin kitse na sarrafa estirojin. Maganin tamoksifen ya ƙara tabbatar da haka. An haɗa shi a Ingila a 1962 da nufin tsarin iyali, bai yi nasara ba, sai ya zama maganin kansar mama daga 1973. A mama yana toshe makarɓin estirojin, a mahaifa kuwa yana kunna shi, kuma matan da ke shan sa sun fi saura samun tsiron.

Illar ba a kan tsiron kaɗai take tsayawa ba. A 2011 masu bincike a jami'ar Yale suka nuna cewa ƙwayoyin gado biyu da ke shirya mahaifa domin karɓar ɗan tayi, HOXA10 da HOXA11, aikinsu ya ragu a mahaifar da ke da tsiro. Wannan ya yi daidai da abin da aka gani a Madrid a 2005, a gwajin da ya ƙunshi mata 215 masu neman haihuwa: kimanin kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka cire wa tsiron sun samu ciki, a kan kashi 28 na waɗanda ba a cire wa ba.

Ina Miga a wannan taswira?

Tarihin lafiyar mata a Arewa, kusan dukkansa, tarihin ɗakin haihuwa ne, kuma da dalili. Babban binciken Kelsey Harrison a Zariya, wanda aka buga a 1985, haihuwa 22,774 ya bi diddigi. Aikin Kees Waaldijk a Babbar Ruga ta Katsina a kan yoyon fitsari ya tsaya. A babban asibitin Jahun, maƙwabciyar Miga, ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta MSF tana aiki tun 2008 a kan haihuwa mai gardama da yoyon fitsari. Wani bincike da aka buga a 2017 ya ƙiyasta cewa a Jigawa mata 1,012 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Inda wuta ke cin rufi, ba a tsayawa gyaran daɓe.

Amma jinin da ke ɗiga a hankali shi ma yana da farashi. Yana ƙarar da jinin macen da ke yini a sussukar shinkafa da surfe. Yana rikita mata lissafin salla da azumi, yana shiga tsakaninta da mijinta. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna cewa matsakaicin haihuwar mace a Jigawa 7.1 ne, kuma a irin wannan wuri wadda ta shekara uku ba ɓari ta san gorin dangin miji da barazanar saki. Daga cikin irin waɗannan mata akwai waɗanda abin da ke tsakaninsu da goyo ɗan nama ne da bai kai goro ba, wanda ake cirewa a ƙasa da sa'a ɗaya. Na'urar leƙen mahaifa kuwa a manyan birane aka fi samun ta, kuma a shekarar ambaliya irin 2022, fita daga ƙauyukan fadama zuwa titi ma sai da kwalekwale.

Ga kuma batun ilimin kansa. Leuven, Boston, Yale, Madrid, Helsinki: a can aka zana taswirar. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kusan kashi 2. Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne a harkar mahaifa, domin an riga an ga bambanci a ƙari: a Amurka fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata kan same shi kafin su kai shekara 50, fararen mata kuwa kusan kashi 70, kuma ga baƙaƙen ya fi zuwa da wuri.

Rayuwar mahaifar ma ba ɗaya ba ce. Beverly Strassmann, wadda ta yi nazari a cikin Dogon na ƙasar Mali, ta ƙiyasta cewa macen da ke yawan haihuwa da shayarwa kan yi haila kimanin sau 100 a rayuwarta, ta Amurka kuwa kimanin sau 400. Binciken Cibiyar Sanger ta Ingila na 2020 ya nuna cewa ko lafiyayyar shimfiɗar mahaifa tana tara sauye-sauyen DNA da shekaru, kuma taruwar ta fi ƙaranci ga matan da suka haihu da yawa. Macen ƙauyen Miga mai 'ya'ya 8 da ƙanwarta ma'aikaciya a Dutse ko Abuja mai 'ya'ya 3 jini ɗaya ne, amma an wanke allonsu sau daban-daban. Irin wannan kwatanci Helsinki ba ta da shi, Jigawa kuwa tana da shi a cikin gida guda.

Kwalbar da ba a zubar ba

Mafi yawan tsiron ba kansa ba ne, wasu ƙanana ma kan ɓace da kansu. Wani nazari na 2010 da ya tattara rahotanni da dama ya samu kansa ko mafarinta a ƙasa da kashi 2 cikin 100 na tsiron matan da ke al'ada, da kusan kashi 5 na waɗanda al'adarsu ta yanke. Saboda haka jinin da ya dawo wa mace bayan ta shekara da daina al'ada abin kai wa likita ne ko da ɗigo ɗaya ne, ko da ta riga ta samu fatawar sallarta. Ido ba ya iya raba tsiro mai lafiya da mai haɗari, sikanin ma haka. Madubin likitan gwajin nama ne kaɗai ke yanke hukunci.

Duk abin da aka sani game da HMGA2 da Bcl-2 ya fara ne daga likitan da ya ciro tsiro bai jefa shi a bokiti ba, ya aika da shi ɗakin gwaji da bayanin mai shi. Wannan aiki guda shi ke gaya wa mace ko ta kwanta da kwanciyar hankali, shi ne kuma ke tara abin da masu bincike za su karanta. Najeriya tana da masu iya karatun: cibiyar ACEGID da ke Ede ce ta fara karanta ƙwayoyin gadon cutar korona a Afirka a watan Maris na 2020. Jigawa tana da asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse da cibiyar lafiya ta tarayya a Birnin Kudu, Kano tana da asibitin Malam Aminu Kano. Abin da ake buƙata tsakanin waɗannan da Miga bai kai tsadar na'urar karanta DNA ba: ungozomar da za ta tambayi mace game da jinin tsakiyar tsarki, sikanin da zai nuna tsiron, na'urar leƙe a asibitin da mota ɗaya ke kaiwa, da kwalbar gwaji da za ta tafi ta dawo da sakamako.